Kyauta da Ciniki: Tarihin Ƙagaggun Labarai Masu Buɗaɗɗen Lasin, 2002 zuwa 2015

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata al'ada da ta ɓullo a fagen ƙagaggun labaran Ingilishi a farkon ƙarni na 21, wato marubuci ya saki littafinsa da izinin kowa ya kwafa ya rarraba, sa'an nan kuma ya sa ran a yi masa sharhi, a sayi bugaggen. Abin da za mu duba shi ne wa wannan dabara ta yi wa rana, kuma me ya sa.

Tushen al'amarin shi ne ƙungiyar Creative Commons, wadda Lawrence Lessig da abokan aikinsa suka kafa a Amurka a 2001, ta kuma fito da lasin-lasin ɗinta na farko a watan Disamba na 2002. Marubucin da ya ɗauki irin wannan lasin bai zubar da haƙƙin mallakarsa ba. Sharuɗɗa yake gindayawa: a ambaci sunansa, ko kada a yi ciniki da aikin, ko kada a sauya shi. Sai dai akwai ƙulli guda wanda za mu koma kansa a gaba, shi ne cewa lasin ɗin ba ya warwaruwa. Wanda ya karɓi kwafi bisa wannan izini, ya karɓa ke nan.

A watan Janairu na 2003 Cory Doctorow, haifaffen Kanada, ya saki littafinsa Down and Out in the Magic Kingdom a intanet bisa wannan lasin, a daidai lokacin da kamfanin ɗab'i na Tor ya kai bugaggen kasuwa. Hujjarsa, wadda Tim O'Reilly ya riga shi bayyanawa a 2002, ita ce rashin a san marubuci ya fi satar aikinsa yi masa illa. Charles Stross ya bi sahu da Accelerando a 2005. Peter Watts kuwa tilas ce ta sa shi, domin Blindsight na 2006 bai samu shiga kantuna yadda ya kamata ba, sai ya sake shi kyauta, kuma a 2007 littafin ya shiga jerin masu takarar lambar Hugo. Haka nan Little Brother na Doctorow ya hau jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times a 2008, alhali kuwa ga shi nan kyauta ga mai so.

A nan ne muke ganin masu yabon wannan hanya sukan yi gaggawa. Duk waɗannan marubuta suna da kamfani a bayansu, mai edita da masu talla, mai aika kwafi ga mujallun sharhi tun kafin littafi ya fito. Doctorow kuma a lokacin yana cikin editocin Boing Boing, saboda haka yana da dubban masu karatu tun kafin wannan littafi nasa ya fito. Da ya gwada tsayawa da ƙafarsa a 2010 da tarin gajerun labarai mai suna With a Little Help, wani kaso mai tsoka na kuɗin ya fito ne daga bugu na musamman mai dala 275, da kuma labari guda da Mark Shuttleworth ya biya dala 10,000 a rubuta masa. Marubucin da ba a san shi ba, ina zai sami irin wannan mai saye?

Shi mai buga wa kansa, ƙofarsa ta buɗe ne a watan Nuwamba na 2007, lokacin da Amazon ta fito da na'urar Kindle tare da ba kowa damar ɗora littafinsa. Amma manyan mujallu ba su cika duba irin waɗannan littattafai ba, don haka sharhin masu saye a Amazon da Goodreads ya zama jarinsa: ba a saye sai an ga sharhi, ba a kuma sharhi sai an karanta. Kyautar da littafi wata hanya ce ta fita daga wannan tarko. Wata hanyar ita ce ta ha'inci. A watan Agusta na 2012 New York Times ta fallasa Todd Rutherford, mai sayar da sharhi 50 a kan dala 999, ta kuma nuna cewa John Locke, wanda ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a Kindle a 2011, ya sayi sharhi 300 a wurinsa. (Mu da muka san adabin kasuwar Kano ba za mu yi mamakin wannan ƙishirwa ba, tun da marubutanmu masu buga wa kansu sun daɗe suna dogaro da karanta littafi a rediyo da buga wasiƙun masu karatu a cikinsa.)

Yanzu sai mu koma kan ƙullin da muka ambata. A watan Disamba na 2011 Amazon ta ƙirƙiro tsarin KDP Select, inda marubuci zai sami damar tallata littafinsa kyauta na kwana 5, da sharaɗin kada kwafinsa na kwamfuta ya kasance a ko'ina sai a wurinta har kwana 90. Mai buɗaɗɗen lasin ba shi da ikon ɗaukar wannan alkawari, domin ya riga ya ba duniya izinin rarrabawa. Da aka buɗe Kindle Unlimited a 2014, aka kuma koma biyan marubuta bisa yawan shafukan da aka karanta a 2015, sai ya zamana wannan kuɗi na waɗanda suka shiga KDP Select ne kaɗai daga cikin masu buga wa kansu, shi kuwa mai buɗaɗɗen lasin ya rage da cinikin kwafi ɗai-ɗai da gudummawar masu karatunsa.