John Macarthur: Baƙon da Ya Yi Arziki da Gashin Tumaki

Jama'a, mu da muka san zaman baƙunci da cinikin dabbobi, ya kamata mu ji labarin wannan Bature. John Macarthur mutumin Ingila ne, ya sauka Sidni ta ƙasar Ostareliya a 1790 yana ƙaramin hafsan soja, tare da matarsa Elizabeth. A zamanin nan garin wurin jibge fursunonin Ingila ne kawai.

A 1793 aka yanka masa fili eka 100 a Parramatta. Da aka kawo tumakin Merino daga Afirka ta Kudu a 1797, wato irin nan na Sifen masu ulu mai laushi, sai ya sayi 'yan kaɗan. Lissafinsa kuwa na ɗan kasuwa ne: nama ba zai kai Ingila ba sai ya ruɓe, don tafiyar watanni ce a teku, amma ulu ba ruwansa da nisan hanya, ga masaƙun Ingila na nemansa ruwa a jallo. Duk wanda ya taɓa loda goro zuwa Arewa ya san wannan magana.

To, sai dai mutumin akwai rigima. A 1801 ya yi fito-na-fito da shugabansa William Paterson, ya harbe shi a kafaɗa. Aka tura shi Ingila don shari'a, shi kuwa ya tafi da samfurin ulu. Gobarar Titi ke nan: maimakon hukunci, sai ga shi ya dawo a 1805 da ragunan da ya saya daga garken Sarkin Ingila, da izinin fili eka 5,000, inda ya kafa Camden Park. A 1808 kuma da hannunsa aka tumɓuke Gwamna William Bligh. Wannan ya sa ya bar ƙasar a 1809, bai dawo ba sai 1817.

Idan muka haɗa, kusan shekara 12 ba ya gida. To wa ya riƙe garken? Elizabeth ce. Ita ke lura da makiyaya da askin tumaki da lodin ulu, ga renon yara. Suna na miji, wahala ta uwargida. Mu ma da ke kwana kan hanya mu tambayi kanmu, wa ke riƙe mana gida?

Kuma kada mu ɓoye gaskiya. Filin nan yana da masu shi, mutanen Dharawal, ba wanda ya nemi yardarsu balle ya biya su. Ƙwadagon kuwa yawanci fursunoni suka yi shi. Mu a nan da sallama muka shigo, muka nemi izinin masu gari, to mu riƙe wannan amana, don malamanmu sun karantar da mu cewa dukiyar ƙwace ba ta da albarka.

Ƙarshensa abin tausayi ne. Hankalinsa ya taɓu, aka raba shi da ragamar dukiyarsa, ya mutu a 1834. Ulu dai ya zama ƙashin bayan arzikin Ostareliya fiye da shekara 100, har aka sa hotonsa a takardar dala 2 a 1966. Da aka mai da ita tsaba a 1988, hoton wani dattijo ɗan asalin ƙasar aka sa. Duniya ke nan, rawar 'yan mata. Allah ya sa mu gama lafiya, amin.