Daga Tsibiri zuwa Yamai: yadda jana'izar Kirista ta samu tsarinta a Nijar

Hausawa na cewa mutuwa rigar kowa, amma kowace al'umma da yadda take suturta mamacinta. A Jamhuriyar Nijar, inda ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, shirya jana'iza a majami'a aiki ne da ya wuce zaɓen waƙoƙi da ayoyi. Sau da yawa ƴan'uwan mamacin na jini Musulmi ne, haka ma maƙwabtansa. Cikin wannan zaman cuɗanya ne tsarin da ake bi yau ya ginu, a tsawon shekaru kusan ɗari.

Ƴan mishan na ƙungiyar SIM sun zauna Damagaram a 1924. Kafin ƙarshen shekarun 1920 suka kafa tasha a Tsibiri ta Gobir, sannan Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956. A ɓangaren Katolika kuwa, an kafa mishan a Yamai a 1931. A farkon zamanin, mafi yawan Kiristan birane baƙi ne: Turawan mulki, da ma'aikata da ƴan kasuwa daga Dahome, Togo da Najeriya. Jana'izarsu ba ta ta da wata gardama ba, don kowa ya ɗauka baƙo da al'adarsa yake tafe.

Al'amari ya sake lokacin da ƴan ƙasa suka fara shiga addinin, wasu daga gidajen Musulmi, wasu daga gidajen Anna. A ƙasar Hausa gawa ta dangi ce: su ke wanka, su ke ɗinka likkafani, su ke ɗaukar makara. To, idan mutum ya bar addinin gidansu, wa zai yi masa waɗannan? A ina za a gina kabarinsa? Ikilisiya ta ga dole ta zama dangi na biyu. Dattawanta suka ɗauki wanka da sutura, samari suka ɗauki ginar kabari, aka kuma nemi fili daga sarakuna da hukuma don keɓe maƙabarta. Inda masu bi ba su da yawa, neman wurin bizne mamaci ya kan zama shawara ta farko tsakanin fasto da mai gari.

Abu na biyu da ya ba jana'izar kamanninta shi ne harshe. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, sabuwar fassara kuma ta fito a 1979. Da wannan littafi da na waƙoƙin Hausa, waɗanda suka shigo daga Najeriya, mai bishara na ƙauye ya iya jagorantar jana'iza ba tare da Bature ba. Sa'ad da ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 1960, tsarin ya riga ya zauna: addu'a, waƙa, karatu daga Zabura ta 23 ko ta 90, ko Yohanna sura 11, ko 1 Korintiyawa sura 15, taƙaitaccen tarihin mamaci, wa'azi, sannan rakiya zuwa kabari. Da yake Hausa ce, maƙwabcin da ya tsaya bakin ƙofa yana jin duk abin da ake faɗi, ya kuma gane kalmomi irin su tashin matattu da ranar shari'a.

Katolika sun daɗe suna jana'iza da Latinanci. Babban taron Batikan na biyu ne, a 1963, ya buɗe ƙofa ga harsunan jama'a, ya kuma nemi jana'iza ta dace da al'adun kowane yanki. Sabon tsarin 1969 ya tanadi zango uku: gida, majami'a da maƙabarta. Wannan ya zo daidai da abin da Bahaushe ya sani, wato mutuwa a gida ake fara karɓarta. Tun 2001, lokacin da Maraɗi ta samu nata bishop, shi ke lura da majami'un Katolika na Tawa da Damagaram har zuwa Agadas.

Daga al'adar ƙasa, Kirista sun riƙe abubuwa biyu manya. Na farko gaggawa: zafin ƙasar da rashin wurin ajiya sun sa a karkara a kan bizne mamaci ranar da ya cika ko washegari. Ɗakunan ajiye gawa na manyan asibitoci ne suka ba iyalan birni damar jiran ɗa ko ƙane da ke nesa, tare da ƙarin kashe kuɗi na akwati da mota da ciyar da baƙi. Na biyu zaman makoki: tabarmin maza a ƙofar gida, mata a ciki, ana gaisuwa ana ba da haƙuri. Bambanci kuma a fili yake. Mata Kirista suna raka gawa har bakin kabari, kuma ƙungiyar zumuntar mata ce ke riƙe da waƙa da girki. Ikilisiyoyin bishara ba sa roƙa wa mamaci gafara, addu'arsu ta masu rai ce, shi ya sa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba su da gurbi a koyarwarsu. Katolika kuwa suna yi wa matattu addu'a, suna kuma tunawa da su kowace 2 ga Nuwamba.

Saboda haka, fasto ko fada da ke shirya jana'iza a Maraɗi ko Dogon Dutsi ya kan fara ne da zama da iyali. A nan ake yanke lokaci da wuri, a samo takardar mutuwa daga hukuma, a san wanda zai yi magana da sunan dangi, a kuma kula kada lokacin sujada ya ci karo da lokacin sallar ƴan'uwa Musulmi. Ba kullum ake rabuwa lafiya ba: akan samu ja-in-ja kan gawa, musamman idan mamaci bai bar wasiyya ba, ko ya ɓoye imaninsa ga wani ɓangare na danginsa.

Ƙona majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ya nuna cewa zaman tare na iya tsagewa. Amma zumunta a ƙafa take, kuma tabarmar makoki na cikin wuraren da liman da fasto ke iya zama kafaɗa da kafaɗa, kowa ya yi wa masu rashi gaisuwa da kalmar da ya gada. Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu da ke tattara tarihin garuruwa za su samu abin rubutawa a tsofaffin maƙabartun Kirista da bakin dattawan ikilisiya, tun waɗanda suka ga farkon lamarin ba su ƙare ba.