Karon Jiragen Yaƙi Masu Injin Jet Lokacin Atisaye: Nazarin Haɗarin Biggin Hill na 1951

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilan da suka sa jiragen yaƙi masu injin jet na farko-farko suka riƙa yin karo a sama, ba a fagen daga ba. An nazarci haɗarin Biggin Hill na 1951, aka kwatanta shi da na Las Vegas na 1958. Sakamakon ya nuna cewa gudu kaɗai bai isa ya zama hujja ba.

Gabatarwa

Gloster Meteor shi ne jet na farko da rundunar sojan saman Birtaniya ta yi aiki da shi, daga watan Yuli na 1944. Rundunar ta yi asarar guda 890, da matuƙa 450. A 1953 kaɗai, 145 suka salwanta. Ba duka karo ne ya ci su ba: akwai ƙarewar mai, da kuma atisayen tuƙi da inji ɗaya.

Ido da gudu

A wancan zamani, babban abin dogaro shi ne matuƙi ya hango jirgi ya kauce masa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga hangowa zuwa kaucewa ana bukatar daƙiƙa 12.5. Idan jirage biyu suka fuskanci juna, kowanne yana gudun kilomita 800 a awa, a cikin wannan ɗan lokaci za su cinye tazarar kilomita biyar da rabi. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, jirgin da zai yi karo da kai ba ya gilmawa a gabanka. Tsayawa yake cik a wuri ɗaya a jikin gilashi, kamar ɗigon datti, sai a ƙarshe ya kumbura farat ɗaya. Ido kuwa abin da ke motsi ya fi saurin kamawa.

Biggin Hill

Ranar 18 ga Yuni 1951, wani Meteor na runduna ta 41 ya faɗo kan wani gida jim kaɗan bayan tashinsa daga sansanin Biggin Hill, kudu maso gabashin Landan. Kafin a farga, wasu Meteor biyu na runduna ta 600 da ke shawagi a saman wurin suna shirin sauka suka yi karo. Duk matuƙan uku sun mutu cikin 'yan mintuna. Ɗaya ya yi tsalle ya fito, amma lemarsa ba ta buɗe ba.

Nan ne lissafin gudu ya gaza, domin jirgin da ke shirin sauka ya riga ya rage gudu. A ganin mai wannan nazari, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne hankalin matuƙan ya tafi ga ɓaraguzan da ke ƙasa. Wane ne zai ga jirgin ɗan'uwansa a tarwatse bai leƙa ba? Samfurin F.4 da suke tuƙawa kuma ba shi da kujerar da ke cilla matuƙi waje.

Las Vegas

Ranar 21 ga Afrilu 1958, wani jirgin yaƙi samfurin F-100F daga sansanin Nellis ya daki jirgin fasinja na United Airlines kusa da Las Vegas, mutum 49 suka rasu. An rufe wa ɗalibin matuƙin da ke cikin jirgin yaƙin gani da gangan don ya koyi tuƙi da na'urori, aka bar wa malaminsa aikin duba hanya shi kaɗai. A nan gudu da ƙarancin ido suka haɗu. A watan Agusta na shekarar, Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta miƙa kula da sararin samaniyar Amurka, na soja da na farar hula, ga hukuma guda.