Me ke sa lasifikar kwamfuta karkarwa?

Karkarwar sauti ko shaƙewarsa na daga cikin matsalolin da masu kwamfutar tafi-da-gidanka ke fuskanta a birnin Kano, inda da dama daga cikin na'urorin da ake saye an riga an yi amfani da su a Turai ko Amurka.

Lasifika dai ta ƙunshi maganaɗisu, da naɗaɗɗiyar waya, da wata siririyar fata wadda motsinta ke haifar da sauti. Duk abin da ya hana fatar motsi yadda ya kamata, to zai ɓata muryar.

Ƙura da zafi

A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska kan ɗauko ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ƙurar kan shiga ƙofofin lasifikar ta taru.

A wuraren sana'a kamar kasuwar Kurmi, maganaɗisun kan janyo garin ƙarfe ya manne wa fatar.

Haka kuma zafin watan Afrilu, wanda kan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyas, yana iya sassauta gam ɗin da ke riƙe da ita.

Gano tushen matsalar

Matakin farko shi ne a jona abin sauraro na kunne. Idan sautin ya fito tas, laifin na lasifika ne. Idan bai gyaru ba, sai a sabunta manhajar da ke sarrafa sauti, sannan a kashe tsarin ƙawata murya na Windows.

Manhajoji irin su VLC na ba da damar ƙara murya fiye da kashi 100 cikin 100, abin da kan tsarke sautin, ya kuma wahalar da ƙaramar lasifika.

Idan gurnanin ya tsaya da zarar an zare caja, to daga cajar ne ko wutar janareta.

Idan kuwa karkarwar ta lafa lokacin da aka danne jikin na'urar da yatsa, akasari wani noti ne ya kwance.

Gargaɗi

Ana share ƙurar ne da buroshi mai laushi. Allura ko tsinke kan huda fatar, kuma wadda ta yage sai dai a canza lasifikar.

Abu mafi haɗari shi ne kumburin batir, wanda kan banƙare jikin kwamfutar har ya janyo karkarwa. Irin wannan batir na iya kamawa da wuta, don haka wajibi ne a kashe na'urar, a daina cajin ta, a kai wa ƙwararren mai gyara, a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut.