Taminal: yadda ake ajiye rubutun da ya wuce a cikin fayil

Taminal ita ce tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ita kuma ta mayar da amsa a rubuce. Idan rubutu ya cika allo, tsofaffin layuka sukan haura sama. Ana iya komawa a duba su, sai dai ajiyar ta wucin gadi ce kuma tana da iyaka: tmux na riƙe layi 2000 idan ba a sauya masa saiti ba, GNU Screen kuwa 100 kacal. Layin da ya zarce iyakar ya ɓata, haka ma duk sauran idan aka rufe tagar ko wuta ta ɗauke kwamfutar ta mutu. Sau da yawa saƙon kuskuren da ake nema yana cikin abin da ya tafi.

Bayan an gama aiki

A cikin tmux ana rubuta:

`tmux capture-pane -p -J -S - > tarihi.txt`

`-S -` na nufin a faro daga layi mafi tsufa, `-J` kuma yana haɗe dogayen layukan da faɗin allo ya karya. A Screen, ana danna Ctrl-a, sannan `:`, a rubuta `hardcopy -h tarihi.txt`. Duka biyun abin da ya rage a ajiya kaɗai suke kwashewa.

Kafin a fara aiki

Wannan hanya ta fi tabbas. `script tarihi.txt` na rubuta duk abin da ya bayyana a allo har sai an buga `exit`. Idan umarni guda ne, kamar `make`, wannan ya wadatar:

`make 2>&1 | tee tarihi.txt`

Ba a barin `2>&1` a baya, domin shi ke tura saƙonnin kuskure cikin fayil ɗin.

Bincike

`grep -n -i error tarihi.txt` na fito da kowane layi mai wannan kalma tare da lambarsa. A kwamfutar da aka saita da Faransanci, sai a nemi `erreur` ma. Fayil ɗin `script` yakan ƙunshi alamomin launi masu rikita karatu, shi ya sa ake buɗe shi da `less -R`.

Hattara

Kalmar sirri ko mabuɗin shiga da suka bayyana a allo suna shiga fayil ɗin. A goge su kafin a tura wa wani don neman taimako.