Daga ɗan dako zuwa mai fim: farkon tafiyar Umaru Ganda

A shekarar 1958 aka fitar da fim ɗin Moi, un Noir na Bafaranshe Jean Rouch, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta birnin Abijan. Jarumin fim ɗin wani matashi ne ɗan Nijar mai suna Umaru Ganda, da ke dako a tashar jiragen ruwa. Bayan shekara goma, wannan matashi ya rubuta fim nasa na kansa, kuma shi ya ba da umarni.

An haifi Ganda a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indocina, yankin da Biyetnam take a yau. Da ya dawo gida bai samu aikin yi ba, sai ya bi sahun 'yan ci-rani zuwa Kwaddebuwa. A can ya haɗu da Rouch, wanda ke binciken rayuwar 'yan Nijar masu ci-rani a biranen gaɓar teku.

Yadda aka yi Moi, un Noir shi ya fara horar da Ganda. An ɗauki hotunan ba tare da murya ba. Daga baya aka zaunar da shi yana kallon kansa a majigi, yana faɗin abin da ya zo masa a baki: wahalar dako, rashin kuɗi, mafarkin zama ɗan dambe, da abin da ya gani a fagen yaƙi. Kalaman nasa ne, amma kyamara da almakashin tacewa suna hannun Rouch, kuma da sunan Rouch fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc.

Bayan komawarsa Yamai, Ganda ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim ta Cibiyar Al'adun Faransa da Nijar, inda ake koya wa matasa riƙe kyamara da tace hoto. A 1968 ya rubuta labarin Cabascabo, fim na kusan minti 45 cikin harshen Zabarmanci, kuma shi ya fito a matsayin jarumi. Labari ne na tsohon soja da ya dawo daga Indocina da 'yan kuɗinsa, abokai da maroƙa suka yi masa rubdugu har aljihu ya ƙare, kowa ya watse. Daga ƙarshe ya juya wa birni baya, ya nufi gona. Yaƙin da ya taɓa ambata cikin fim ɗin wani, yanzu ya zama ginshiƙin labarin da ya tsara da hannunsa.

An nuna Cabascabo a bikin fina-finai na Cannes a 1969, ya kuma samu lambar yabo a Mosko. Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, kan wani Alhaji da ya ƙara aure da yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. Babbar cibiyar al'adu a Yamai tana ɗauke da sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa daraktan da fim ɗinsa na farko ya yi zarra.