Daga Sakkwato Zuwa Toronto: Raɗin Suna da Cinikin 'Yan Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya taso a Sarandosa, ko ya ci kasuwar Jega, ko ya tsaya ya ga yadda ake lodin albasa a Aliero, ya san akwai samari dogaye masu ƙashi a wannan yanki namu, waɗanda ɗayansu kan cira buhu ya miƙa shi bisa mota ba tare da ya taka komai ba. Sai dai da wuya a sami wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai ƙasar da ake auna irin wannan tsawo, a rubuta masa kwantiragi, a biya shi da dukiya mai yawa. Alhali kuwa tarihin wannan wasa ya taɓa biyowa ta ƙofar gidanmu, a zamanin da muke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, tun kafin a yanke Kebbi a watan Agusta na 1991.

A ƙarshen shekarun 1970 aka yi gasar wasanni ta kwalejojin malamai a birnin Sakkwato, kuma a cikin ayarin Muslim Teachers College ta Legas akwai wani yaro zanƙalele, gwanin ƙwallon hannu da tsaron gida, wanda aka roƙa ya shiga wasan ƙwallon kwando saboda tsawonsa kawai. Shi ne Hakeem Olajuwon. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston ta Amurka, kuma a 1984, da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NBA, shi aka fara ɗauka, Michael Jordan kuwa ya zo na uku. Ƙa'idar wannan zaɓe tana da hikima wadda ta cancanci a lura da ita, domin ƙungiyoyin da suka fi shan kaye a kakar da ta wuce su ake gabatarwa, don kada mawadaci ya kwashe gwanaye ya bar talaka hannu rabbana. A waccan shekara har sai da aka jefa kwabo tsakanin Houston da Portland, rabo ya faɗa wa Houston.

Sunan ƙungiyar da ta ɗauke shi, wato Rockets, a San Diego aka raɗa shi a 1967, saboda rokokin da ake ƙerawa a can, sannan da ta yi ƙaura a 1971 sai ta tarar Houston ita ce cibiyar masu tafiya sararin samaniya, sunan ya zauna daram. Shi kansa Olajuwon ya gyara nasa sunan a 1991, ya mayar da harafin farko da ya faɗi, daga Akeem zuwa Hakeem, bisa asalinsa na Larabci. Kuma da azumi a bakinsa ya riƙa shiga fili a watan Ramadan, ya kuma ciyo wa Houston kofi a 1994 da 1995.

A daidai wannan lokaci ne birnin Toronto na ƙasar Kanada yake fama da mas'alar da kowace sabuwar ƙungiya ke fara cin karo da ita, wato suna. Masu sabuwar ƙungiyar garin sun biya dala miliyan 125 kuɗin shiga gasar NBA, amma ba su da ɗan wasa ko ɗaya, ba riga, ba tuta. Mu a nan uba da dattawa ke shawara su raɗa wa jariri suna ran bakwai, su kuwa sai suka buɗe wa jama'a ƙofa, aka aiko da sunaye fiye da dubu biyu, aka tace, a watan Mayu na 1994 aka yi shelar Raptors, sunan wata dabba mafarauciya daga halittun da suka shuɗe, wadda fim ɗin Jurassic Park na 1993 ya sa ta a bakin yara. A ganina wannan zaɓi na yayi ne, domin garin yana da tsohon suna, Huskies, na ƙungiyar da ta yi wasa a can a 1946, kuma suna mai asali ya fi wanda aka aro daga majigi.

Bayan suna sai mutane. An ba kowace tsohuwar ƙungiya izinin ta killace 'yan wasa takwas, sabuwar ta zaɓa daga ragowar, kamar wanda ya iso kasuwa da la'asar sakaliya. Na farkon da suka ɗauka, B.J. Armstrong na Chicago, ya ƙi zuwa, dole aka yi musanyarsa. Kakarsu ta farko kuwa sun ci wasa 21, an cinye su 61. A 2001 suka ɗauko Olajuwon da kansa bisa yarjejeniyar shekara uku ta dala miliyan 18, amma girma ya riga ya zo, kaka ɗaya ya yi ya ajiye.

Wanda Allah Ya ƙaddara zai cika musu buri ɗan Zariya ne. Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970, a Zariya ya yi wayo, a can kuma ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da yara a garin. Ya karɓi ragamar Toronto a 2013, kuma a 2018 ya yi cinikin da ya tayar da ƙura: ya ba da DeMar DeRozan, wanda mutanen garin ke ƙauna kamar ɗansu, ya karɓo Kawhi Leonard, alhali ya san saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. A watan Yuni na 2019 suka doke Golden State suka ɗauki kofi, wata guda bayan haka Leonard ya tattara nasa ya nasa ya tafi, tuta da suna suka zauna a Toronto.

A Arewa ma ba a bar mu a baya ba wajen iya raɗin suna, kuma na fi jin daɗin namu, saboda kowanne yana da ƙanshin ƙasarsa, ko da yake da Turanci aka sa shi: ga ginshiƙan Kano Pillars, waɗanda suka zo na uku a gasar kulob-kulob ta Afirka a Alƙahira a 2016, ga bijiman Gombe Bulls, ga maginan tukwane na Niger Potters.

Muna firamare wani malaminmu ya cire wayoyin tsohon gargaren keke, ya kafa shi da ƙusa a jikin dogonyaro, muka riƙa jefa ƙwallon roba. Kwana uku muka yi muna gardamar sunan ƙungiyarmu, wasu na cewa Zakuna, wasu na cewa Albasa, har malam ya raba gardama da Ƙaura, dawar da iyayenmu ke nomawa. Wanda ya fi mu tsawo, wanda yake taɓa gargaren da tafin hannu yana tsaye, bai taɓa taka filin siminti ba. Yanzu lodi yake yi a kasuwar Jega, kuma in muka haɗu har yau da Sarkin Ƙaura nake gaishe shi.